Goma-Sha-Uku a Ƙetaren Kogi

Aikin nan wahala ne, duk wanda ya ce muku ba wahala ba ne bai yi shi ba. Ya ci mini baya, ya ci mini gwiwa, kunnena na dama kuwa har yau in na kwanta sai in riƙa jin shuuu a cikinsa kamar ana suya a maƙwabta.

Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da bokona bai wuce aji huɗu ba, maganar da aka yi ce ranar sunan nan a Lanham. Ina zaune ina cin shinkafata ban tsokani kowa ba, sai ga Nasiru ɗan Dakta Bello ya durƙusa ya gaishe ni da Hausarsa mai ɗingishi, ya miƙo mini waya. Wai ya saka wani abu a ciki da ake jin rediyon 'yan sanda. Ya ce, "Kawu Habu, ashe wannan ne aikinku na da? Ai zama ne kawai da saurare." Da Turanci ya faɗa, amma na ji. Abokansa suka yi dariya. Bakina cike yake da nama, ban ba shi amsa ba. To ga amsar, wanda ya iya karatun Hausa ya karanta wa sauran.

Na zo ƙasar nan da sana'ar yaron mota, wadda na yi a hanyar Kano zuwa Jos. Ba mai neman yaron mota a Maryland. Na wanke kwanuka, na yi gadin wurin ajiye motoci, sannan a farkon shekarun dubu biyu Allah ya haɗa ni da Malam Isufu a masallaci. Mutumin Maraɗi ne, dattijo mai faɗa, yana da tsohuwar motar jan motoci guda ɗaya, fara, wadda yake ce wa kamyo. Bayansa ya fara ciwo, yana neman wanda zai riƙa shiga ƙarƙashin mota. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka iya kwanciya ƙasa?" Na ce na iya. Ya ce, "To ka samu aiki." Kamyon nan ita ce tukunyar gida biyu, nasa da nawa. Kuma ya yi mini alkawari a gaban liman cewa ranar da zai koma Maraɗi, tawa ce. A kan wannan alkawarin na jure duk abin da zan faɗa muku, don in babu ita, kwanuka ke jirana.

Ga yadda abin yake. Manyan kamfanoni 'yan sanda ne ke kiransu, an san da su a ofis. Mu ba mai kiranmu. Sai dai mu ji da kunnenmu an yi karo a wuri kaza, mu riga kowa isa, mu lallashi mai motar ya yarda mu kai masa ita wani gareji a Beltsville da muke hulɗa da shi. A lokacin ana ɗan kau da kai. Yanzu doka ta yi tsauri, kada wani ya je ya gwada ya ce Kawu Habu ne ya koya masa.

Kunnen namu shi ne sikana. Baƙin akwati ne kamar girman burodi, an ɗaure shi da kusoshi a ƙarƙashin dashbod, da eriya mai maganaɗisu a kan rufin mota. Ba a magana da ita, ita kaɗai ke magana. Tana bin tashoshi a guje, inda ta ji murya ta tsaya. Ranar farko da Malam ya kunna ta na ɗauka lalacewa ta yi. Ƙarar iska, sai wata mace ta watso kalmomi kamar ana zuba tsakuwa a kwano, sai shiru.

Malam ya ce, "Mi ta ce?"

Na ce, "Wa?"

Ya cire hula ya maka mini a kafaɗa. Haka muka yi watanni. Mi ta ce, hula. Mi ta ce, hula. Na fi jin tausayin hular.

Wata rana a farkon koyo, muna fake a gindin wata bishiya, na ji 'yan sanda masu babbar hanya sun ce ten-fifti. Wannan a bakinsu hatsari ne. Na daka wa Malam tsawa, ya taka mota, muka keta unguwa biyu kamar an koro mu. Da muka isa babu motar da ta ko ƙwarzane. Wasu iyalai ne guda biyu ke dambe a kan wurin fakin, mata na ihu, takalmi na tashi sama. Ashe fiftin aka ce, ba fifti ba, wato rigima. Ku da aka haifa a nan kuna jin bambancin tun kuna cikin zanen goyo. Kunnen Bahaushe kuwa sai ya sha wuya kafin ya kama wannan ɗan wutsiyar da ke ƙarshe. Malam ya kashe mota, ya naɗe hannu, ya kalli damben har ya ƙoshi, sannan ya ce, "To sauka mana, Ɗan Najeriya. Ga wancan mai ƙaton ciki, ka sa mishi ƙugiya mu kai Beltsville."

Bayan ka iya jin lambar, sai a ce maka ba ka fara ba. Kowane gida da yarensa. Masu babbar hanya in suna son motar ja, fifti-wan suke cewa. 'Yan sandan gundumar da muke farauta a cikinta kuwa ten-tatin suke cewa. Malam ba ya ɓata bakinsa da Turanci, sai ya mayar da ita Hausa: goma, sha uku. Ya ce kun gani, Hausa ta fi su wayo, lambobi biyu sun haɗe sun zama ɗaya. Goma-sha-uku ita ce waƙar da muka fi so. Ma'anarta ɗan sanda na tsaye a titi, mota ta toshe hanya, babban kamfani sai ya gama shan shayi zai zo. In ka bayyana kafin nan, shi ma so yake a buɗe hanya ya tafi. Dokar Malam guda ce, kuma ya faɗe ta har na gaji: kafin ka ji lamba, ka san bakin da ya faɗe ta.

Bakunan masu sanarwa daga ofishin 'yan sanda kuwa mun san su, duk da ba mu taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Akwai wani mai magana ta hanci, muna ce masa Mai Mura. Akwai wata mai saurin baki da ba ta numfashi, ita ce 'Yar Gwanjo. Amma tamu ita ce Gwaggo, mai aikin rana. Muryarta a kwance take, kamar mai tsince shinkafa. In ta faɗi lamba tana jan ƙarshenta, ƙaramin karo ne, masu motar na tsaye suna zagin juna, je ka da sauri. In ta maimaita sunan titi sau biyu, abin da nauyi. In ta yanke kalmomi gajeru, ta daina jan komai, to ka rage gudu, motar asibiti ce za ta riga ka kuma ya kamata ta riga ka. Nasiru, wayarka za ta kawo maka murya, ban musa ba. Yanzu ma da yawansu sun bar lambobin, suna faɗar abu da sunansa, wasu kuma sun kulle tasharsu gaba ɗaya. Amma jan harshen Gwaggo ba a saka shi a waya, sai ka zauna da ita shekaru tana yi maka magana kai ba ka da bakin amsawa.

In kuma aka ƙara harafin da ke nufin an rasa rai, Malam rage murya yake yi, ya ce Inna lillahi, mu zauna. Ba ma zuwa. Wasu suna zuwa. Mu dai ba ma zuwa.

Kayan aiki ba su da yawa: winci mai jawo mota, sarƙa, ƙugiya, bel, jak, buhun yashi don man da ya zube, da littafin taswira da ya sha maiƙo, don a lokacin ba wata mata a waya da za ta ce maka juya dama. Amma in ka tambayi Malam wanne ne babba, tsintsiya zai nuna maka. Da mun isa, kafin a yi wa kowa magana, ni zan sauka in fara share gilashi daga titi. Ɗan sandan da ya ga kana shara ba ya tambayarka wa ya kira ka.

Wata safiya ta kaka, an yi ruwa ganye ya jiƙe, muka ji goma-sha-uku a wata kwana. Muka tarar da baƙar Marsandi ta sumbaci sandar fitila, mai ita na tsaye da kwat da jaka, yana ta waya. Ya yi mini Turanci mai tsawo, na yi masa nawa gajere. Na shiga ƙarƙashi na sa ƙugiya. Da winci ya ja, bamba ta yi ƙara, sai na ji a samana an ce, "Wayyo Allah, a hankali don girman iyayenka!" Na leƙo da kai na ce, "Ranka ya daɗe, ashe na gida ne?" Tun daga wurin har gareji bai sake Turanci ba, har ya ba mu labarin unguwarsu a Zariya. Nasiru, ka tambayi babanka wace mota ce, ni ban faɗi suna ba.

Sai mummunar shekara ta zo. Wata Litinin muka kunna sikana, a gurbin Gwaggo sai wata ƙara kamar injin niƙa. Malam ya buge akwatin, ya hura masa iska, ya sake eriya. Muka kai wa mai gyara, ya ce lafiyarta ƙalau, gundumar ce ta koma sabon tsari, dijital. Sabuwar na'urar da ke jin sa ba ta wadata a kanti ba, kuma ko ka samu sai mai kwamfuta ya shirya maka ita. Ni da Malam kuwa kwamfuta sai dai mu gaishe ta daga nesa.

Muka koma yawo da ido, kamar masu neman akuyar da ta ɓata. Mu bi wannan titi, mu bi wancan, mai na ƙonewa. In mun ga karo, wani ya riga mu. Mai garejin Beltsville ya daina amsa gaisuwarmu da fara'a. A gida an koma tuwon da ba nama. Sai Malam ya fara maganar wani mutumin Gana da ke son sayen kamyo. Bai dube ni ba lokacin da ya faɗa, ni ma ban dube shi ba. In an sayar, alkawari ya bi ta.

Rannan yana ta murɗa akwatin don haushi, sai ga murya tas, ta mutum, ba ta inji ba. Ya ce da Faransancinsa, "Wala! Ga masu magana da harshen 'yan Adam!" Tashar ƙetaren kogi ce, ɓangaren Virginia, su ba su sauya ba tukuna.

Na ce, "Malam, ba mu san bakin nan ba. Kuma takardunmu ba na can ba ne."

Ya ce, "Lamba lamba ce, Habu. Tahi mu tahi."

Shi ne mai dokar, shi ne kuma mai motar. Muka haye gada.

Mun yi 'yan kwanaki a can muna fakewa a bayan wani gidan mai, muna saurare. Titunan baƙi, muryoyin baƙi, ba wadda muka raɗa wa suna. Ran nan mun idar da la'asar a kan kwali, muna naɗewa, sai akwatin ya fashe da ihu. Namiji ne, yana cewa ten-tatin, ten-tatin, ya faɗi sunan wata kasuwa da ke kusa da mu. Malam ya yi tsalle kamar ba shi ne mai ciwon baya ba.

Na ce, "Malam, tsaya. Mutumin nan haki yake yi. Wa ke haki don yana son motar ja?"

"Ya gaji da jira ne! Shiga!"

Ba mu kai kwana ta biyu ba sai ga motocin 'yan sanda suna wuce mu, ɗaya bayan ɗaya, jiniya kamar za ta tsaga kunne. Malam ya buga sitiyari don murna. "Ka gani? Babba ne! Motoci da yawa sunka haɗu! Yau Allah ya tuna da mu!" Ya kunna fitilarmu mai ruwan ɗorawa ya bi bayansu. Kamyo ba ta taɓa gudu irin na ranar ba, har sarƙoƙi na kiɗa a baya.

Muka faɗa filin fakin na kasuwar. Motocinsu ko'ina, ƙofofi a buɗe. Na hango wani ɗan sanda zaune a ƙasa jini na bin goshinsa, wasu sun danne wani ƙato a gefe. Kafin in buɗe baki, Malam ya ci birki a tsakiyarsu, ya dira, ya saɓa sarƙa a kafaɗa, ƙugiya na lilo, ya nufe su a guje yana washe baki yana cewa, "Ten-tatin! Ten-tatin! Ga mu nan!"

Ku tsaya ku hango abin. An yi wa ɗan'uwansu rauni yanzun nan, jininsu na tafasa, sai ga wani baƙin dattijo da ƙatuwar sarƙa yana rugowa. Gaba ɗaya suka juyo. Ban taɓa sanin bakin bindiga yana da faɗi haka ba. Suna ta tsawa, shi Turanci in an yi shi da ƙarfi ba ya shigarsa. Na leƙo ta taga hannuwana a sama, na ƙwala da Hausa, "Malam, yar da sarƙar! Don girman Allah yar da ita!"

Ya juyo yana harara ta. "In yar a sace?"

"Harbe ka za su yi!"

Sai a lokacin ya duba da kyau. Sarƙar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga kaina kwance a kan kwalta, kumatu a ƙasa, ankwa a hannu, fuskar Malam na kallon tawa. Kwaltar da zafi. Hularsa ta gangara ƙarƙashin wata mota. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Habu, ina motar da ta lalace?"

Na ce, "Malam, babu mota."

"To mi sunka kira?"

Wani babbansu mai furfura ne ya zo ya tsuguna a kaina. Na tattaro duk Turancin da na mallaka na ce masa mu masu jan mota ne, mun ji an kira. Ya ce wa ya kira? Na faɗi lambar. Ya tambaye ni daga ina muke, na faɗa. Ya dubi kamyo, ya dubi Malam, sai ya rufe fuska da tafin hannu, yana ta dariya. Ashe ya taɓa aiki a ɓangarenmu. Da ya samu numfashi ya ce a nan wannan lambar tana nufin ɗan sanda na cikin haɗari, kowa ya bar abin da yake yi ya zo. Na fassara wa Malam. 

Sun kwance mu, sun ba mu takardu, ba su tafi da mu ba, kuma na gode wa Allah har yau. Amma kamyo ba ta da izinin aiki a can, ga shi ta tsaya inda bai kamata ba. Mai furfurar ya ɗaga rediyonsa ya kira motar ja. Muna tsaye ta zo, sabuwa fil, tana ƙyalli, wani matashi na tuƙi yana taunar cingam. Ya sauka ya laluba ƙarƙashin kamyo ya maƙala ƙugiya inda ya ga dama. Malam, da tun ɗazu ya zama kurma, ya yi kukan kura. "Ba nan ba! Za ka karya mata ƙafa! Habu, shiga ka gwada mishi!" Haka na kwanta a ƙasa karo na biyu a yini ɗaya, na ɗaura wa motarmu ƙugiyar wani da hannuna. Matashin ya ce ya gode. Muka tsaya muna kallo aka tafi da ita, gabanta a sama.

A jirgin ƙasa muka dawo, sannan bas. Malam na riƙe da hularsa a hannu, bai saka ba. Ana kiran magariba muka isa ƙofar gidansa. Na yi masa sai da safe, ya ce in tsaya. Ya shiga, ya fito da wata leda, takardun mota ne da makullin ajiya.

Ya ce, "Kai ka ji haki. Ni ban ji ba, yunwa na ji."

Na ce, "Malam, kowa ma zai iya yin kuskure."

"Rufe mini baki. Ba Maraɗi za ni ba tukuna, amma na sauka daga kujerar nan. In ka fiddo ta, taka ce. In ka bar ta can, ta gwamnati ce."

"Mutumin Gana fa?"

"Shi taho shi sayi tsintsiya."

Na ce, "To ai ba mu da kunne. Akwatin ba ya jin Gwaggo."

Ya ɗora hular a ka, ya gyara mata zama. Ya ce, "Wannan kuma matsalar mai mota ce. Ni yanzu fasinja ne." Ya rufe ƙofa.

Washegari ina idar da asuba na kama bas ɗin farko, na shiga jirgi, na haye kogin. Na sha tambaya kafin in gano filin da suke tara motoci. Na biya abin da aka ce in biya, na sa hannu inda aka nuna mini. Tana can ƙarshen fili a tsakanin motocin da suka murƙushe, ita kaɗai ce mai lafiya. Wani ya jefa mata sarƙarta a baya. Na zagaya na duba ƙafafunta, na duba winci, sannan na buɗe ƙofar direba na hau. Gwiwoyina suka daki sitiyari, don kujerar a ma'aunin Malam take, kuma ƙarfen da ake ja don matsar da ita ya yi tsatsa, ba a taɓa shi ba tun da aka sayi motar. Na sauka na ɗauko baƙin mai da guduma. Na ɗiga, na buga, na ɗiga, na buga, mai gadin na leƙe yana tunanin ko fasa ta zan yi. Can kujerar ta yi ƙara ta ja baya. Na hau na miƙe ƙafa, na yi bisimilla, na tayar da ita. Na hayo gada a layin dama, a hankali, kowa na wuce ni.